Wanda Zai Tura Baro

Shekara goma sha tara Lyle Brandvold ya yi yana kallon ƙwallon zari-ruga ta Kwalejin Tilden Creek daga sama, cikin ɗakin gilashin nan da ke liƙe a ƙoƙuwar sitadiyam kamar gidan zanzaro. Daga can 'yan wasa tsabar wake ne a faifai. Yana ganin wanda ya kauce, da wanda ya makara, da kafar da za ta buɗe tun kafin ta buɗe. Shi ke zaɓar salon kowane hari, ya faɗa ta abin kunne, a isar wa yara a fili. Abu ɗaya ne bai taɓa ganewa ba duk zamansa a sama: wai me babban koci yake yi a ƙasa?

Abin da yake hange dai hula ce. Jar hular tsoho Orrin Haskett ta bi bakin layi, ta tsaya, ta juyo. Wani lokaci ta karkata wajen alƙalin wasa. Hari na Lyle ne, tsaro akwai mai shi, masu bugu ma da nasu malamin. Amma hular ce ke da ofis mai taga, ita ɗan jaridar garinmu tilo yake bi da biro, ita ake tashi a gaisar a shagon aski. Lyle bai yi hassada ba, ko kuma ya yi daidai gwargwado, irin wadda ba ta hana barci. Son sani ne ya fi cinsa.

Ana nan, saura wasa ɗaya kakar ta ƙare, sai zuciyar tsoho ta yi gardama, likitoci suka buɗe ƙirji suka yi mata faci. Kwaleji ta ce Lyle ya sauko ya riƙe. Wasan da ya rage kuwa na baro ne.

Baron ba wani abin kallo ba ne, tsohon baron gona ne mai hannuwan katako da taya ɗaya. Mu da mutanen garin Osterholt, abokan hamayyarmu, ba mu taɓa yarda da juna a kan asalinsa ba, amma mun yarda da ƙa'idarsa. In an tashi wasa, kocin da aka ci zai ɗora kocin da ya ci a ciki, ya tura shi daga tsakiyar fili har bakin ƙofa, shi kaɗai, garuruwa biyu suna kallo, 'yan badujala suna busa. Daga nan baro ya bi masu nasara gida sai baɗi. Shekara shida ke nan yana wurinmu, a zaure kusa da ɗakin cin abinci, ɗalibai suna jefa masa ɓawon lemo.

Kocin Osterholt kuwa Curtis Pohlmann ne, ƙanin Marcy, matar Lyle, mutumin da in ya shiga mota sai ta rusuna ta gaishe shi. Shi kuma Lyle yana da bayan da likita ya hana shi ɗaukar ko buhun abincin kare.

Da aka sallamo tsoho daga asibiti, Lyle ya je dubiya. Ya tarar da shi a kujerar falo, bargo a cinya, yana hararar wani kwanon miya marar gishiri.

"Koci, tambaya ce da ni. Kada ka yi dariya, an ce ɗinkin bai gama kamawa ba."

"Yi."

"Me kake yi a ƙasan nan? In an fara wasa."

Orrin ya daɗe yana tunani, kamar ba a taɓa yi masa tambayar ba. Wataƙila ba a taɓa ba.

"Tsayuwa," in ji shi.

"Bayan tsayuwar fa?"

"In ƙafa ta gaji sai in yi tafiya." Ya ture kwanon gefe. "Za ka gani. Abu ɗaya dai, ka sa wa tayar baro iska kafin wasa. Famfon yana bayan ƙofar ofis."

"Shi ke nan?"

"So kake in rubuta maka?"

Ranar Juma'a Lyle ya ɗauko famfon ya je zauren. Tayar ta kwanta shame-shame kamar gurasa. Ya durƙusa, ya kama bakin tayar, sai ya ji muryoyin ɗalibai suna fitowa daga cin abinci, ya tsaya. Kocin da aka gani yana gyara baro jajibirin wasa, ai kamar mutumin da ya yi tari sau ɗaya ne ya tafi gwada akwatin gawa. Kafin la'asar labari ya kai kunnen yara cewa sabon koci ya riga ya sallama. Kuma in muka ci, wa zai sha wahalar tayar? Curtis. Wannan tunanin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya mayar da famfo bayan ƙofa.

Asabar ta zo da farar rana marar zafi, da iskar arewa da ta ratso gonakin masara da aka girbe ba abin da ya tare ta. Tun hantsi motocin a-kori-kura suka jeru bayan shinge, ana dafa miyar wake da nama mai yaji, ana tsoma burodin kirfa a ciki, abin da baƙi ke gani su yi shiru don ladabi. Can ƙarshen layi, daidai bayan sandunan cin maki na kudu kusa da ƙofa, ga tsohuwar motar Orrin, matarsa a mazaunin direba. Likita ya hana shi shiga sitadiyam, amma bai ce komai a kan shinge ba.

Kafin a fara, kocin gida da baƙo sukan haɗu a tsakiyar fili su yi musabaha. Curtis ya taho yana murmushi tun daga nesa.

"Mijin yaya, ashe kana da ƙafafu. Shekara da shekaru daga ƙirji zuwa sama nake ganinka."

"Kai kuwa daga sama ma duka ake ganinka."

"Burodin kirfa huɗu na ci da safe. Ba yunwa nake ji ba, saboda kai na ci."

"Marcy ta ce in gaya maka..."

"Ta riga ta kira ni. Ta ce in tausaya wa bayanka. Na ce mata ai ni zama kawai zan yi."

Aka busa usur, aka buga ƙwallo sama, sai Lyle ya gano abu na farko game da aikin babban koci: ba ya ganin wasan. Abin da ke gabansa gadon baya ne da ɗuwawu da hulunan kwano. A ji karo kamar an kifar da tirelar katako, ƙura ta lafa, a ga mutane suna tashi daga kan juna. Ina ƙwallon ta bi, oho. Ya matsa gaba don ya gani. Ya ƙara matsawa. Sai ya ji an damƙi ɗamararsa ta baya an jawo shi kamar akuyar da ta nufi gonar maƙwabci.

Bub Kucera ne, mai kula da ɗakin ɗaga ƙarfe, wanda ranar wasa ba shi da aiki sai tsare babban koci bayan farin layi, don in ƙafarsa ta ƙetare, alƙali ya jefa ƙyalle rawaya a ci mu tarar yadi, a mayar da mu baya.

"Haka kake yi wa tsoho?" in ji Lyle yana gyara wando.

"Shi ya san hanya. Kai ne sabon doki."

Abin kunnen yana da maɓalli a ƙugu, hagu masu hari, dama masu tsaro. Ya danna hagu. Terrence Oakes, mataimakinsa da ya gaji kujerarsa a sama, yana ta zuba lambobi da sunayen salo cikin natsuwa.

"Terrence, me kake gani?"

"Komai, Koci."

"To faɗa mini mana."

"Ina aiki, Koci."

Lyle ya koma kallon gadon bayan mutane. Can anjima ya kasa haƙuri. "Ku gwada ta hagu, ina jin akwai kafa."

"Koci, daga ina kake ganin hagun?"

Lyle ya duba. Abin da ke gabansa lamba saba'in da huɗu ce a bayan wani ƙato yana susar ƙugu.

"A'a, ci gaba kawai."

Ya danna dama. A can ana zagin kakan wani, ba a ma lura ya shigo ba. Ya saurara kaɗan don ladabi ya fita. Ya tsaya. Da ƙafa ta gaji ya yi tafiya. Ya tuna maganar tsoho, ya ji haushin cewa gaskiya ce.

Wajen tsakiyar rabin farko abin ya zo. Yaranmu sun yi gwaji uku cikin huɗun da ake ba su na cin yadi goma, saura taƙi ɗaya. Ko su buga ƙwallon can nesa su haƙura, ko su yi kasadar na huɗu, wanda in ya faɗi, Osterholt ta karɓa a tsakiyar fili. Sai abin kunne ya yi tsit. Duk surutun nan ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Yaran da ke kusa suka juyo suna kallonsa ta cikin ƙarafan hulunansu.

"Koci?" in ji Terrence.

Lyle ya san wannan "Koci?" ɗin. Shi ya ƙirƙire shi. Shekara goma sha tara yana jefo wa tsoho shi daga sama, sannan ya kurɓi kofinsa ya jira.

"Kai me ka gani?"

"Kowanne da kyaunsa, Koci."

Wannan ma nasa ne, har lafazin. Agogon da ke ƙirga daƙiƙun fara gwaji yana tafiya. Lyle ya nemi dalili a kansa ya rasa, sai ya ji bakinsa ya ce, "Ku je."

Suka je. Aka yi tari guda, aka ɗaɗɗaga mutane, aka kawo sarƙar awo aka auna, hancin ƙwallo ya wuce da faɗin yatsa. Sitadiyam ya ɗauka. Daga bayan shinge aka danna hon sau biyu.

"Ni ma abin da zan ce ke nan, Koci," in ji Terrence.

Kafin a tafi hutu irin wannan ta sake zuwa, ya sake cewa su je, aka tare su ƙiris ya rage. Osterholt ta karɓa, ta kai ƙwallo har ƙarshen filinmu, maki bakwai. Wannan karon ba wanda ya ce shi ma abin da zai ce ke nan. Lyle ya tsaya yana juya abin a ransa kamar mai duba ƙwaro sabon gani: umarni ɗaya, murya ɗaya, na farko basira, na biyu wauta, kuma ba a san wanne ne ba sai an kawo sarƙa.

Ya juya ga alƙalin da ke bakin layinmu don ya huce. Fenske ne, wanda daga Litinin zuwa Juma'a likitan haƙori ne, kuma shi ke duba bakin rabin garin.

"Fenske, ba ka ga sun riƙe yaron ba? Har riga suka ja masa. Makaho ma ya gani."

"Rufe bakin, Lyle, ina ganin cikon haƙorin da na yi maka. Kuma ka tsallake ranar dubawa sau biyu."

Bub ya jawo shi baya.

A ɗakin sauya kaya lokacin hutu, Lyle yana da jawabin da ya kwana biyu yana gyarawa a gaban madubi, har da wurin da zai yi shiru don maganar ta shiga. Amma malamin masu hari ya ja nasa yaran gefe da allo, na masu tsaro ya ja nasa, mai ɗaurin bandeji yana bin gwiwoyi, kafin a waiwayo kansa alƙali ya ƙwanƙwasa ƙofa. Yara suka taru, suka durƙusa da gwiwa ɗaya, suna jira.

"Ku sha ruwa," in ji Lyle.

Suka yi kururuwa suka fita a guje kamar ya faɗi wani abu. Ya bi su yana mamaki. Wataƙila tsoho ma abin da yake cewa ke nan, shi dai Lyle a lokacin yana kan matakala yana komawa sama.

Akwai dai abu ɗaya da ba na Terrence ba ne, ba na mai tsaro ba, ba na kowa ba sai na babban koci: ikon tsaida agogo, sau uku a kowane rabi. Na rabin farko duk ukun suka lalace a aljihunsa, bai taɓa ko ɗaya ba, don yana ta jiran lokacin da ya dace.

"Ka san ba a kai su gida ko?" in ji Bub. "Marcy ba za ta iya dafa su ba."

A rabi na biyu ya kashe ɗaya da Bub ya ƙirga ya ga yaranmu goma ne a fili, na sha ɗaya yana neman hularsa. Ya kashe na biyu don kawai masu tsaro suna haki kamar shanun huɗa. Saura ɗaya. Ya riƙa jinsa a jikinsa, kamar ƙaramin dutse a cikin takalmi.

Wasa ya ja. Rana ta karkata, inuwar sitadiyam ta rufe rabin fili, iska ta ƙara ƙarfi har tutocin da ke kan sanduna suka miƙe. Muka wuce su, suka kamo, muka sake wucewa. Da agogo ya zo gargara muna gaba da maki biyu, ƙwallo tana hannun Osterholt, kuma Curtis ya riga ya ƙarar da nasa tsaidawar duka uku. Suka lallaɓo da jifa gajere gajere har suka ƙetare tsakiya, mai jifansu ya fita layi da ƙwallo don agogo ya tsaya. Abin da ya rage bai isa komai ba sai bugu ɗaya. In ta ratsa tsakanin sanduna, maki uku, sun ci da ɗaya. In ta kauce, baro ya kwana a zaurensa.

Mai bugunsu ya fito, siriri, ɗan shekarar farko, da ƙafafu kamar na zalɓe. Nisan ya yi masa yawa, kowa ya sani, kuma iskar tana zuwa masa a karkace.

"Koci, kana da ɗaya," in ji Terrence. "Sanyaya masa gwiwa."

Wannan dabara ce da kowa ke yi. Ka bar mai bugu ya gyara tsayuwa, ya auna takunsa, ya ja numfashi, sai daf da bugu ka tsaida agogo. Ya koma gefe ya tsaya shi da tunaninsa, dubban mutane suna yi masa ihu, har tsoro ya sauka ƙafa. Shekara goma sha tara Lyle yana faɗa wa tsoho wannan daga sama. Sanyaya masa gwiwa, Koci, yanzu, Koci. Ko sau ɗaya jar hular ba ta motsa ba. Wani lokaci bugun ya shiga, wani lokaci ya kauce, tsoho ya tafi gida da tsaidawarsa a aljihu, kuma bai taɓa cewa ga dalili ba.

Lyle ya waiga wajen shinge. Motar tana nan, gilashi a rufe, hon shiru. Ya dubi yaron. Daga ƙasa ana ganin abin da ba a gani daga sama: yana lasar leɓe, yana goge hannu a wando, ya kalli tutocin ya sake kallo, kamar mai karanta wasiƙa da wani yare. Wani sashe na zuciyar Lyle ya ce a bar shi haka, ai gwiwar ta riga ta yi sanyi. Ɗaya sashen kuma, wanda ya fi girma, so yake kawai ya ga abin da zai faru. Ya daɗe yana son ya gani.

Ya matsa kusa da Fenske. Bub ya biyo shi riƙe da ɗamara.

"Zan tsaida, amma sai na ce. Ka sa usur a baki."

"Ka tabbata?"

"Kai ka taɓa tabbata kafin ka cire haƙori?"

"Kullum."

Suka jeru. Mai riƙe wa yaron ƙwallo ya durƙusa, ya miƙa hannu. Lyle ya jira, ya jira, har ya ga yatsun sun buɗe.

"Yanzu."

Fenske ya busa, yana kaɗa hannuwa sama. Amma a cikin wannan hayaniya usur ɗaya ba ya isa ko'ina lokaci guda. An riga an turo ƙwallo, yaron ya riga ya taho, ya buga. Ta tashi da kyau, ta yi nisa fiye da yadda kowa ya zata, sai iska ta kama ta ta karkatar, ta daki sandar dama, ƙarar ƙarfen ta kai har gonaki, ta faɗo waje.

Garinmu ya tashi tsaye. 'Yan badujala suka fara busa, yara suka zubar da huluna suna rungumar juna, wasu ɗalibai har sun fara tsallako shinge. A tsakiyar wannan duka Fenske yana nan yana kaɗa hannuwa, yana nuna Lyle. Murnar ta mutu daga layin gaba zuwa na baya, a hankali, kamar wutar da ake yayyafa wa ruwa. An tsaida agogo kafin bugu. Bugun bai ƙirgu ba. A sake.

Abin kunne tsit.

"Terrence?" in ji Lyle.

"Ina nan, Koci."

"Ba ka ce kai ma abin da za ka ce ke nan ba."

"Layin ne ba ya da kyau, Koci."

A can ɗaya gefen Curtis ya cire hula ya rusuna masa. Lyle bai kula shi ba, yaron yake kallo. Ya daina lasar leɓe. Ya tsaya yana duban sandar da ya daka, da tutar da ke kanta, yana gyaɗa kai kaɗan kaɗan, kamar wanda aka karanta wa wasiƙar nan aka fassara masa. Ya san ƙafarsa ta kai. Ya san inda iska take turawa. Mu muka ba shi gwajin, kyauta.

Na biyun ya auna hagu, iska ta gyara masa, ƙwallo ta ratsa tsakiya kamar an ja zare.

Aka kawo baro tsakiyar fili, ɗalibai biyu suna ɗauke da shi don ya ƙi gungurawa. Curtis ya zagaya shi, ya taɓa tayar da ƙafa, ya dubi Lyle.

"Wannan tarkon ni ka ɗana wa ko?"

"Shiga kawai."

Curtis ya shiga da baya, a hankali, yana nishin daɗi, ƙafafu suna lilo a gaba. Katakon ya yi ƙara. Lyle ya tofa yawu a tafi, ya kama hannuwan, ya ɗaga. Bayansa ya faɗa masa wata magana da ba ta maimaituwa. Ya tura, tayar ta naɗe, ƙarfen ya nutse a ciyawar da aka yini ana tattakawa, baro ya tafi yana huɗa kamar garma. Ya sha ganin tsoho yana tura wannan abu daga sama, jar hula tana tafiya sumul a bayan baro. Daga sama ba shi da nauyi.

Bub ya biyo shi a baya, hannunsa kusa da ɗamara don sabo. Marcy tana gefe tana ɗaukar hoto, ba a san na miji take ɗauka ba ko na ƙane. Mutanen Osterholt suna tafi daidai da kowane taku, namu kuma, in za a faɗi gaskiya, wasu suna taya su.

"Yi a hankali da ramuka, direba," in ji Curtis yana ɗaga wa jama'a hannu. Can ya rage murya. "Ka san yaron nan bai taɓa ci daga wannan nisan ba? Ko a atisaye."

"Na gode da ka faɗa mini."

"Ni ma da na tsaida, in ni ne."

"Da gaske?"

"A'a. Amma yaya ta ce in faɗi wani abu mai daɗi."

Sau uku ya ajiye ya huta, ƙa'ida ba ta hana ba. Da suka isa ƙofa bai tsaya neman dabarar sauke kaya ba, ya ɗaga hannuwan sama kawai, Curtis ya gangaro kan ciyawa yana dariya. Yaran Osterholt suka sure baro suka ɗaga shi sama suka nufi motarsu. Lyle ya dafa shinge, a lanƙwashe, yana jiran bayansa ya yanke shawara.

Gilashin motar da ke gabansa ya sauka.

"Ba ka sa iskar ba," in ji Orrin.

"Ban sa ba."

"Na gani."

"Koci, me ya sa ba ka taɓa tsaidawa ba? Shekara da shekaru ina roƙonka."

"Ba wanda ya san ko yana aiki. Na tambayi masu lissafi, rabi sun ce e, rabi sun ce a'a." Ya gyara bargo. "In na bar shi ya buga ya ci, yaron ne ya ci mu, sai in je in yi masa barka. In na tsaida ya ci, ga ka nan."

Lyle ya ci gaba da haki. Ya kamata a ce kunya ce ta cika shi, kuma akwai ta, amma a ƙarƙashinta wani abu yana motsi.

"To da na tsaida tun da wuri fa? Tun kafin su jeru, yadda ba zai samu bugun gwaji ba. Da ya tsaya da tsoronsa bai san ƙafarsa ta kai ba."

Orrin ya dube shi, ya dubi matarsa, matar ta dubi sama.

"Baɗi ka gwada," in ji shi. "Ni an hana ni tsayuwa."

Gilashi ya hau. Lyle ya miƙe gwargwadon yadda bayan ya yarda. Can ga Curtis yana kakkaɓe ciyawa daga wando, ana ɗaure baro a bayan motarsu da igiya.

"Curtis, kuna da famfo a can?"

"Na me?"

"Bar shi," in ji Lyle. "Ranar bikin godiya, in mun taru cin talotalo, zan taho muku da namu, a sa wa tayar iska kafin baɗi."